Rigar Tunau Marini

An yi wani mutum mai suna Tunau a garin kakannina na wajen uwa, haka aka faɗa mana muna yara, wanda ya sa riga ɗaya shekara talatin, ba ta koɗe ba, ba ta yage ba. Wasu suka ce karama ce Allah Ya ba shi. Wasu suka ce aljanar tafki ce ta saƙa masa ita a ƙarƙashin ruwa, don wani alheri da ya yi mata. Duk sadda muka yaga zane wajen hawan katanga, sai iyayenmu su ce, "Ku dai ba jikokin Tunau ba ne."

To, 'yan'uwana mata, ni na yi shekara talatin da biyar ina koyar da yara kimiyya, kuma abin da na sani shi ne zare zare ne. Rana na cin sa, gumi na cin sa, sabulu na cin sa. Ban musa karama ba, Allah mai iko ne a kan komai. Abin da nake tuhuma shi ne saurin da muke yi mu kira abu karama, don kada a ce mu ma mu yi irinsa. Saboda haka da na ajiye aiki, sai na ce bari in je in ga rigar nan da idona, in tana nan.

Tana nan. Na same ta wurin jikarsa, wata tsohuwa da ake kira Inna Tabawa, wadda ta ba tamanin baya, idonta ya yi hazo amma bakinta garau. Ta nuna mini wani adudu a kan gadonta, amma ba ta buɗe ba.

Ta ce, "Malama, riga kika zo gani, ko labari kika zo ji?"

Na ce, "Riga, Inna."

Ta ce, "Ku 'yan boko da gaggawa. Zauna ki sha fura. Wanda bai ji labarin ba, ko ya ga rigar bai gan ta ba."

Na zauna. Abin da ta faɗa mini shi zan faɗa muku. Ku saurara.

Tunau wani bawan Allah ne, marini ɗan marina. A bayan garinsu akwai karofi, wato filin da ramukan rini suke, kusan ɗari, bakinsu a jere kamar idanu suna kallon sama. Nasa guda uku ne, can ƙarshe, a bakin wani kwari da ke gangarawa kudu. Kakansa ya haƙa su, ya shafe cikinsu da laso, simintin mutanen da, har ɗigon ruwa ba ya tsiyaya. A cikinsu ake zuba baba da toka da ruwa, a yi kwanaki ana motsawa da muciya, ana jira. Ran da rinin ya nuna, sai kumfa ta taso a kansa, shuɗiya mai walƙiyar jan ƙarfe, irin wuyan tantabara. A tsoma farin ƙyalle, ya fito kore shar kamar ɗanyen ganye, sai iska ta taɓa shi, kana kallo yana juyewa, yana juyewa, har ya koma launin sama gab da magariba. Inna Tabawa ta ce kakanta ya yi shekara hamsin yana ganin wannan, kuma kullum sai ya tsaya ya kalla, kamar bai taɓa gani ba.

In rini ya mutu, sai a kwashe ruwan a zuba a kwarin nan. Dagwalon da ya kwanta a ƙasa a cura shi, a shanya, a ƙona, ya zama katsi, a koma da shi cikin aiki. Ganye ne da toka. Ƙasa ta san su, ba su daɗe mata a ciki.

Ana nan sai fatake suka kawo galura. Gari ne a gwangwani, ja da kore da ruwan hoda da ruwan ƙwai, tare da wani farin sinadari mai cin hannu. Ba rami, ba jiran kwana bakwai. A ɗora garwa a wuta da hantsi, kafin azahar zane ya rinu ya bushe. Matan gari suka ga launin da ba su taɓa gani ba sai a jikin tsuntsu, suka haukace. Marina suka bi inda ciniki yake. In sun gama, sai su ɗauki garwar su juye a kwari.

Ku lura da wannan, don a nan labarin yake. Ba mugunta suka yi ba. Hannu ne ya saba. Kakansu a kwari ya zuba, ubansu a kwari ya zuba, ba wanda ya taɓa kuka. Ba wanda ya tsaya ya ce, shin ruwan yau irin na jiya ne?

Kwarin nan kuwa yana ƙarewa ne a wani tafki, tafiyar hantsi daga gari. A bakinsa akwai wata tunga ta masu lambu, gida bai fi ashirin ba. Tafkin suke sha, shi suke ba dabbobi, shi suke ba albasa. A can 'yar Tunau take aure, Kuluwa, tana da cikin fari. Cikin nan shi ne Inna Tabawa.

Wata ranar Juma'a Tunau ya rina zanen goyo, ya naɗe, ya tafi kai mata. Da ya ɓullo ta cikin giginyu ya hango tafkin, sai ya tsaya cak. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Gefe ja, tsakiya kore, can wani zirin ruwan hoda yana tafiya a hankali kamar an saki mayafi a iska. Gajimare na wucewa a cikinsa, kowanne da launin da ya ɗauka. Ya daɗe a tsaye kamar mai mafarki. Sai daga baya ya gane abin da ke damun kunnensa. Shiru. Ba kwaɗo, ba balbela, ba ko mazari a kan ruwa. A gefe ga tarwaɗa uku, ciki sama.

Kuluwa ta zo da tulu, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ga hannuwanta sun tsattsage har wuyan hannu.

Ya ce, "Me ya sami hannunki?"

Ta ce, "Ruwan ne, Baba. Kowa haka. Yara kuma ciwon ciki. An ce aljanu ne ke wankin kayan biki, in sun gama zai washe. Har an yanka musu baƙin zakara."

Marini da harshe yake sanin rini. Tunau ya tsuguna, ya tsoma yatsa, ya ɗora a harshe. Ya tofar. Ya sake tsomawa.

Ya ce, "A daina asarar zakaru. Ba aljanu ba ne. Mu ne."

Ya koma gari ya tarar da karofi ana hayaniya. Wani attajiri zai aurar da 'yarsa, ya ce yana son kowace mace a garin ta fito da jan zane iri ɗaya, zane ɗari huɗu, kafin ruwa ya sauka. Sarkin Karofi ke raba aikin. Sunansa Alu, kuma taubashin Tunau ne, ɗan kawunsa, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

Alu ya ce, "Kai bawana, ina ka shiga? Na ajiye maka arba'in. Ka ga ubangijin kirki."

Tunau ya ce, "Sarki, ruwanmu ya isa Tunga."

"Ruwanmu kullum yana isa Tunga. Yau ka fara sani?"

"Na da ganye ne da toka. Wannan na ɗanɗana shi. Yana cin harshe."

Alu ya yi dariya ya ce, "Jama'a ku ji, bawana ya fara shan galura. Talauci ne ko kwaɗayi?" Da ya ga Tunau bai yi dariya ba, sai ya rage murya. "To in don Kuluwa ne, ai lokacin goyon ciki ya yi. Ɗauko ta ta dawo gida. Ga rijiyar gidana nan, ta sha har ta haihu."

Ku saurara, 'yan'uwa, don nan ne jarrabawar. An buɗe masa ƙofa mai kyau, ƙofar al'ada, wadda ba mai zarginsa in ya bi. 'Yarsa ta tsira, aikinsa ya tsira. Ni da ku, da yawanmu nan za mu ce alhamdu lillahi mu tafi neman jaki.

Tunau ya ce, "Kuluwa zan iya ɗauko ta. Sauran fa? Na ga masu ciki biyu bayan ita. Su gidan wa za su je goyo?"

Marina suka taru. Ba su ƙi gaskiyarsa ba, amma suka yi tambayar da ta fi ƙarfinsa a ganinsu. Wani ya ce, "To ina za mu zuba? A ƙasa? Ya bi ya shiga rijiyoyin gari? Ko mu mayar wa attajiri zannuwansa, mu ce Tunau ya ɗanɗana ruwa?"

Tunau ya dubi ramukansa uku. Dukansu a raye suke ran nan, kumfa ta taso, sama na kwance a cikinsu.

Ya ce, "Ku zuba a nawa. Ba sa yoyo."

Kowa a nan ya san abin da ya faɗa. Ramin da galura ta kwana a ciki, baba ba ya ƙara rayuwa a cikinsa.

Alu ya ce, "Kai, bar wasa. Ramin kaka ne fa."

"Kaka ya haƙa shi don ya riƙe ruwa. Zai riƙe."

Kafin ya kwashe su, sai ya ɗebi rini mai rai cikin wata babbar tukunya, ya kai gida ya ajiye a gindin ɗurumi. Matarsa Yalwa ta dubi tukunyar, ta dube shi.

Ta ce, "Malam, rami uku ka fita da su da safe, ka dawo mini da tukunya?"

Ya ce, "Akwai allura kuma."

Ta ce, "To Allah Ya sa ana tuwo da allura."

Ta yi kwana uku ba ta ce masa uffan ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Masu ba da labarin mutanen kirki sukan manta da wadda ta auna hatsin gidan.

Aka shiga aikin biki. Ramin farko ya cika da jan ruwa. Na biyu ya cika. Na uku ya kusa baki, zane kuwa saura ɗari da wani abu, ga gabas ta fara haɗa gira. In ruwan sama ya sauka a kan ramukan, za su tumbatsa, duk abin da aka tara ya gangara Tunga a yini ɗaya, ya fi na da muni.

A arewa da karofi akwai wani fako, tudu ne na marmara, ba rijiya kusa, ko ciyawa ba ta fita. Tunau ya je ya fafe gurbi a can. Ya dawo ya ɗauki tulu, ya cika daga raminsa, ya ɗora a ka, ya hau. Ya juye, ya sauko. Ya cika, ya hau. Ya juye, ya sauko. Mutum mai furfura, daga hantsi har la'asar. Ruwan na fantsama, yana bin wuyansa, yana sauka a kafaɗar rigarsa, riga ɗaya mai kyau da yake da ita. Ran farko kafaɗar ta yi ja. Ran na biyu ta yi laushi. Ran na uku ta ɓule, har ana ganin fatarsa, ita ma ta saluɓe.

Alu na zaune a rumfarsa yana kallo. Ran farko ya ce, "Bawana ya koma ga-ruwa." Ran na biyu ya yi ta bin sa da ido. Ran na uku ya juya wa tudun baya, amma aka ga ya kasa cin goro. Ran na huɗu da hantsi, Tunau ya yi tuntuɓe a tsakiyar hawa, ya durƙusa da tulun a ka, bai bari ya zube ba.

Alu ya miƙe ya ce, "Kai mahaukacin nan, sauke tulun nan kafin wuyanka ya shige cikinka, a ce ni na kashe bawana." Ya tuɓe rawaninsa, ya yi gammo da shi. Ya juya ga marina ya ce, "Ku kuma kallon me kuke yi? A kwashe ramina na gabas, a zuba a ciki. Kowa ya nemo tulu."

Ran nan aka ga abin da ba a taɓa gani ba, marina arba'in a jere suna hawan tudu, Sarkin Karofi a gaba yana zagin taubashinsa har ƙoli. Kwana biyu bayan sun gama, ruwa ya sauka. Daga shekarar aka sa doka a karofin, duk mai rinin galura sai ya haƙa ramin zubarwa a kan fako, ya shafe shi da laso.

An yi biki. Mata ɗari huɗu cikin ja, kamar gari ya kama da wuta marar zafi. Wanki uku, zannuwan suka koma launin ruwan wankin nama. Aka fara ganinsu a juji.

Yanzu kuna jira in ce Tunau ya yi arziki, ko ya haƙa rami ya tarar da tukunyar zinariya. Bai yi ba. Ramukansa ba su dawo ba. Ya ƙare rayuwarsa a gindin ɗurumi da tukunya ɗaya da allura. Yakan bi juji ya tsinto zanen da aka yar, ya wanke, ya ɗinke, ya tsoma a tukunya, ya ba wanda ba shi da shi. Sannu a hankali mata suka fara kawo masa nasu da kansu, koɗaɗɗu da yagaggu, su koma da su shuɗaye kamar sababbi, su ba shi abin da ya samu. An ci tuwo da allura, amma ba kullum da miya mai kyau ba.

Tafkin kuwa, damina ta farko shiru. A cikinta aka haifi Tabawa. Damina ta biyu, tana tatata, wata rana bayan la'asar aka yi yayyafi, sai wani kwaɗo guda ya yi kuka a cikin ciyawa. Wani ya amsa daga can ƙetare. Kafin magariba tafkin duka ya ɗauka. Aka aika wa Tunau. Ya zo ya zauna a bakin ruwa, ya ɗora jikarsa a cinya, yana saurarensu har aka kira salla.

To, ga abin da nake so ku ɗauka. Kowace riga tana da Tunga a ƙasanta. Launin nan da ke jikina da jikinku, a cikin ruwa aka yi shi, kuma ruwan ya tafi wani wuri, kuma akwai masu sha a wurin, ko da ba mu san sunan garinsu ba. Mutumin kirki shi ne wanda yake tambayar inda ruwansa ke gangarawa, kuma in ya ji amsar bai ce ai 'yata ba ta can ba.

Da na dawo daga garin nan na buɗe akwatunana. Anko hamsin da biyu na ƙirga, rabinsu sau ɗaya suka ga rana. Ni mai yi muku wa'azi. Kuma zanen zamanin Tunau auduga ne, in ya mutu ƙasa ta cinye shi. Namu na yanzu da yawa yadin roba ne, ba ya ruɓewa. Mu yar, ya toshe kwata, ruwan damina ya shiga ɗakin maƙwabciya. Mu ƙona, jikokinmu su shaƙa. Akuya ta haɗiye, ta kumbura. An ce mana mace ba ta maimaita kaya a biki biyu. Wa ya ce? Na nemi mai maganar nan shekara da shekaru, ban same shi ba, sai dai na lura duk mai maimaita ta ko yana sayar da atamfa, ko yana da ɗan'uwa mai sayarwa.

Uwani, ke da ke zaune can baya, ajiye wayar nan, da ke nake. Bikin 'yarki saura wata biyu. Me zai faru in kin ce ba anko, kowa ta zo da shuɗin da take da shi? Za a yi gulma kwana uku, sannan a sami wata a koma kanta. Wanda ya yage a kai wa tela ya yi masa maho. Wanda ya koɗe a kai marina a sake rina shi, har yanzu akwai masu yi. Wanda ya matse ki, ki bayar tun yana da mutunci, kada ki jira ya zama tsumma sannan ki kira shi sadaka. Almubazzaranci ba a tukunyar abinci kaɗai yake ba, yana cikin akwati ma, a ninke, da turare.

Na ga kuna motsi. Rigar fa, ko? To.

Da Inna Tabawa ta gama, sai ta jawo adudun ta buɗe. Ƙamshin baba ya cika ɗakin, irin ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Ta warware rigar a kan tabarma. Shuɗiya ce har ta kusa baƙi, tana ɗaukar ido, launi ɗaya daga wuya har ƙasa. Na ce a raina, yau ko kimiyya ta ji kunya.

Ta ce, "Juya cikinta, Malama."

Na juya. Ɗinki ne ko'ina, ƙanana, a jere, sun ratsa juna kamar kunyoyin gona in an hango su daga kan dutse. Ta ɗora yatsa tana bi, ba ta ko dubawa. "Wannan na kafaɗa shi ne na farko, jan zanen bikin nan ne. Wannan zanen goyona. Wannan bakin rawanin Alu ne, bayan ya rasu. Wannan na Yalwa. Duk shekara kafin Salla sai ya tsoma ta duka a tukunya, ta fito launi ɗaya. Masu zannuwan ma ba sa gane nasu."

Na sa tabarau na ƙirga. Maho ɗari da goma sha bakwai. Na nemi ƙyallen rigar farko, ban sami ko faɗin tafin hannu ba.

Rigar ta koɗe. Rigar ta yage. Shi ne yake ɗinkewa.